Yadda Ake Tantance Motar Shekarar Farko Kafin a Biya Kuɗi

Na sha ganin mutum ya haddace magana ɗaya, wai kada a sayi mota a shekarar da sabon zubinta ya fara fita. Sai ya tsallake zuwa shekara ta biyu yana ganin ya yi wayo, ya je ya tarar da ciwon da ya gudu yana jiransa. Maganar tana da tushe, domin duk gwajin da kamfani zai yi bai kai na dubban direbobi a kan titi ba, kuma ma'aikatan haɗa motar su ma hannunsu bai gama faɗawa ba. Amma shekara kaɗai ba ta isa hukunci. Ga yadda nake bi.

Mataki na 1: Gano ko shekarar farko ce da gaske

Galibi kamfani yakan riƙe zubi ɗaya shekara biyar zuwa bakwai, a tsakiya ya yi masa kwaskwarima: a sauya fitilu, a gyara bamba, a ƙara allo. Dillali zai ce maka "sabuwar yayi ce", alhali tsohuwa ce ta sha kwalliya. A wajena wannan ba aibi ba ne, ita ma nake nema.

Kada ka dogara da bakin mai sayarwa. Duba lambar VIN, wato lambar shaidar mota, mai haruffa da lambobi 17, a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. A motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka, na goma a jerin shi ne shekarar samfuri: A ita ce 2010, H 2017, J 2018, N 2022. Ba a sa I, shi ya sa aka tsallake daga H zuwa J. Sannan buɗe ƙofar direba, akwai takarda manne a jikin ginshiƙi mai ɗauke da wata da shekarar da aka ƙera ta. Motar da aka kira ta 2018 tana iya fitowa daga masana'anta tun tsakiyar 2017. Idan ka ga haka, tana cikin 'yan sahun farko, kuma su ne na fi yi wa kallon tsanaki.

Mataki na 2: Tambayi mene ne sabo a cikinta

Nan ne kusan kowa ke faɗuwa, ni ma nan na faɗi. Bodi ba ya ajiye mutum a hanya. Injin da giya su ne ke cin aljihu, don haka tambayar ita ce: injin nan da giyar nan, yaushe aka fara sa su a mota, kuma a wace mota?

Ɗauki Toyota Camry. Ta 2012 shekarar farko ce ta sabon zubi, amma injinta mai lita 2.5 da giyarta mai hawa shida tun samfurin 2010 suke aiki a Camry. Riga ce aka sauya, zuciyar ta riga ta sha gwaji. Ta 2018 kuwa komai sabo ne: ginin ƙasan motar, injin, da giya mai hawa takwas. Duka biyun sunansu "shekarar farko", amma kasadar da mai saye ya ɗauka a lokacin ba ɗaya ba ce.

Ga kuma inda haddar nan ta "sayi shekara ta biyu" ke rushewa. Ford ta sa giyar PowerShift mai kuloci biyu a Fiesta ta 2011 da Focus ta 2012. Masu motocin suka yi ta kukan karkarwa da fizga idan za a tashi, har aka kai ga shari'a a Amurka, kuma ƙarar ta haɗa da samfurori har zuwa 2016. Wanda ya jira shekara guda bai tsira da komai ba, domin matsalar tana cikin ƙirar giyar ne, ba kuskuren haɗawa ba ne da za a gyara cikin wata shida. Honda CR-V ta 2017 ta zo da injin turbo mai lita 1.5, aka samu fetur yana gangarawa cikin baƙin mai, musamman a wuraren sanyi da gajerun tafiye-tafiye, kuma ta 2018 ma ba ta kuɓuta ba. Toyota Tundra ta 2022 ta ajiye V8 ta ɗauki sabon V6 mai turbo biyu. A 2024 aka yi wa motoci kusan 102,000 kiranye, wato kamfani ya ce a dawo da su a gyara, Tundra ta 2022 da 2023 da Lexus LX, saboda ɓurɓushin ƙarfe da ya saura cikin injin tun daga masana'anta. Sunan kamfani ba laya ba ne.

Tsohon injin ma ba a rufe ido a kansa. Injin lita 2.4 na Camry ta 2007 gado ne daga zubin da ya gabata, amma na 2007 zuwa 2009 sun yi suna wajen shan baƙin mai.

Tawa motar, wadda ba zan kama sunanta ba, ta shekara ta biyu ce, na saye ta ina taƙama. Ban tambayi injin ba, ashe tare da zubin aka haife shi. Wata na biyar, na fito da safe na ga ɗigon ruwa ja-ja a ƙasa, wajen tayar gaba. Famfon ruwa ne, an yi gidansa da roba, ya tsage. Bakanike ya kawo na tsohon zubi ya gwada, ramukan kusoshi suka ƙi haɗuwa. Mako bakwai tana ajiye a gareji, ƙura ta rufe gilashi har yara suna rubutu da yatsa a kai, ina jiran abin da bai fi tafin hannu biyu ba. Da na bincika daga baya, masu irin motar sun shekara suna wannan kuka a intanet. Minti goma na karatu da ya ishe ni.

Dokata tun daga ranar: sabon bodi da tsohon injin, bismillah. Sabon injin ko sabuwar giya, sai sun shekara uku a kan titi. Duka biyun sababbi, a kai kasuwa. Wasu za su ce na cika tsoro, na yarda.

Mataki na 3: Karanta tarihin kukan da aka yi da ita

Idan motar ta kasuwar Amurka ce, shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran mota ta Amurka, yana karɓar VIN kyauta, ya nuna maka kiranyen da ba a riga an gyara ba. Kada yawan kiranye ya firgita ka, wani a kan 'yar takardar gargaɗi ce kawai. Abin da na fi nema shi ne sanarwar gyara da kamfani ke aika wa garejinsa, wadda ake kira TSB. Ita ba dole ba ne a kira mai mota, kuma a nan ƙananan cututtukan shekarar farko ke ɓuya. Idan za ka bincika a intanet, rubuta sunan injin, ba sunan motar kaɗai ba. Idan mutum ashirin da ba su san juna ba suna kukan abu ɗaya a kusan kilomita ɗaya, to ka ga abin da ke jiranka.

Mataki na 4: Raba sabuwa fil da ta hannu

Sabuwa fil tana da garanti, kamfani ne zai ɗauki kuɗin gyara, kai ka ɗauki zirga-zirga. Amma ka tabbata garantin yana aiki a ƙasar da za ka hau ta, domin sau da yawa ba ya bin mota ƙetare. Ga kuma shekarar farko ba a cika yin ragi ba, kowa na rububi, sai ka biya da tsada don ka zama ɗan gwaji.

Ta hannu kuwa, wadda ta shekara shida ko bakwai, lissafin ya juya. Asirinta ya gama tonuwa, kuma idan takardu sun nuna an yi gyaran kiranye, tana iya fin ta shekara ta uku da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Babu takarda, ka ɗauka ba a yi ba, ka rage kuɗin gyaran daga tayinka.

Mataki na 5: Gwaji

Ka iso injin yana da sanyi, kai za ka fara tayar da ita. Zaro sandar baƙin mai ka sunsuna, idan warin fetur ya buge ka ko man ya haura alama, ka mayar ka yi sallama. Tuƙa ta aƙalla minti talatin, rabi a cikin cunkoso, domin giya mai ciwo sai ta yi zafi take nuna hali. Danna kowane maɓalli na allo. Bakanike ya jona kwamfuta ya duba ko an goge lambobin matsala kwanan nan. Kafin ka biya, kira masu kayan gyara biyu ka tambayi famfon ruwa da fitilar gaba na wannan shekarar, ka ji ko suna da su a hannu ko sai an yi oda.