Ku riƙa yi wa masu saye bayani, hoto kaɗai bai isa ba

Salamu alaikum 'yan'uwa masu sayar da zannuwa. Ga abin da ya taimake ni a shagona na kasuwar Kejetia da ke Kumasi, Ghana.

Dukkanmu hoton atamfa muke ɗorawa a WhatsApp, mu sa kuɗi a ƙasa. To mai saye daga unguwar Aboabo ko Asawase, me zai sa ta zaɓe ki ta bar maƙwabciyarki? Ni dai duk Juma'a nakan rubuta layi biyar kan abu guda da na sani. Misali, na bayyana cewa atamfa ta gaske, irin ta kamfanin GTP da ake bugawa a garin Tema, launinta ciki da waje kusan ɗaya ne, mai araha kuwa bayanta a koɗe yake. Wani makon na yi maganar wanki: ruwan sanyi, shanya a inuwa.

Amma abin da ya fi sa aka yarda da ni shi ne faɗin aibin kayana. In zani yana zuba, sai in rubuta yana zuba. Wallahi saboda wannan kaɗai wata Hajiya ta turo kuɗin turmi 3 ta MoMo (tura kuɗi ta waya), ba ta ma ga kayan ba.

Ku rubuta da Hausarmu ta Zango, masu jin Twi kuma a tura musu saƙon murya.