Kafin ka sayi iyafis mara waya

Ɗan uwa, kar awa 30 ɗin nan da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a gaban kwali ta ruɗe ka.
Juya bayan kwalin, nemi awannin da abin kunnen ke yi shi kaɗai.

Wancan babban lissafin an haɗa ne da cajin da ke cikin ɗan akwatinsa, abin kunnen shi kansa yawanci awa 4 zuwa 6 yake yi, in ka kunna ANC mai toshe hayaniya ma sai ya ragu. Ni wallahi ya taɓa ɗauke min a mota ina sauraron karatu, mun taso daga Kano, ko Kaduna ba mu kai ba.

Amma fa in jabu ne har rubutun bayan ƙarya ne. Nan sai dai ka nemi garanti wurin mai shago.