Kurakuran da aka fi yi wajen rubuta fankshin a Python, da yadda ake gyara su

Da zarar mutum ya wuce matakin `def` da `return` a Python, sai ya fara cin karo da wasu kurakurai masu cin rai. Kod ɗin ba ya faɗuwa, babu jan rubutu a allo, amma amsar da ke fitowa ba ita ake nema ba. Yawancinsu tushensu ɗaya ne: mai rubutun bai tambayi kansa ko yaushe Python take aiwatar da layin ba, lokacin da ake gina fankshin ɗin ne ko lokacin da ake kiransa.

Wanda ya fi kama mutane shi ne sanya jeri (`list`) a matsayin ƙimar tanadi, wato ƙimar da fankshin zai ɗauka in mai kira bai ba da tasa ba:

```
def saka(kaya, kwando=[]):
    kwando.append(kaya)
    return kwando
```

Ka kira `saka("gero")`, ka samu gero. Ka sake kiran `saka("dawa")`, sai ga gero da dawa tare. Dalili kuwa, sau ɗaya tak aka gina wannan `[]`, lokacin da Python ta karanta layin `def`, ta ajiye shi a cikin `saka.__defaults__`. Kwano ɗaya ne ake ta miƙa wa kowane baƙo ba a wanke ba. Gyaran shi ne ka rubuta `kwando=None`, sannan a ciki ka ce `if kwando is None: kwando = []`. Kada ka gajarce shi zuwa `if not kwando`, domin in wani ya miƙo nasa jerin da babu komai a ciki, za ka jefar da shi ka gina sabo, shi kuma yana can yana jiran kayansa. Haka abin yake da `lokaci=datetime.now()`: lokacin da manhajar ta tashi zai riƙa ba ka har ranar da aka sake kunna ta.

Na biyun kishiyar na farko ne. A `[lambda: i for i in range(3)]` ana gina `lambda` uku, wato ƙananan fankshin marasa suna; in an kira su mutum yana sa ran 0, 1, 2, amma duk ukun 2 suke bayarwa. `lambda` ba ta riƙe ƙimar `i` ba, sunan kawai ta riƙe, sai an kira ta take zuwa dubawa, a lokacin kuwa zagayen ya riga ya ƙare. Wasu suna gyara shi da `lambda i=i: i`, wato su mayar da cutar farko magani. Yana aiki, amma ni na fi son `functools.partial`, mai ɗaure wa fankshin ƙima tun kafin a kira shi, don wanda zai karanta kod ɗin bayanka zai gane nufinka nan take. Masu JavaScript ma sun sha wannan wahala da `var` kafin `let` ya zo a 2015.

Sai dekoreta, wato fankshin da ke lulluɓe wani fankshin a cikin sabo don ya ƙara masa aiki. A nan mantuwa biyu ake yi. Ɗaya, a manta `return` a fankshin ɗin ciki, komai ya koma `None`. Ɗayar, a manta `@functools.wraps`, sai fankshin ɗin asali ya rasa sunansa da bayaninsa, ya ɗauki na mayafin da aka lulluɓa masa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai aiki da Flask, wato kayan gina shafin intanet da Python, domin da sunan fankshin yake bambanta hanyoyin shafi. In biyu suka zo da suna ɗaya, manhajar ba za ta ma tashi ba.

`lru_cache`, dekoretar da ke ajiye amsar fankshin don kada a sake lissafa ta, wanda ya shigo tun Python 3.2, yana da daɗin amfani har mutane suna liƙa shi ko'ina. Amfaninsa na ga fankshin da kullum amsarsa ɗaya ce in an ba shi abu ɗaya. Ka sa shi a kan wanda ke ɗauko farashi daga rumbun bayanai, to farashin jiya za ka yi ta sayarwa. Kuma fankshin da aka sa masa shi ba ya karɓar jeri, sai ka mayar da jerin `tuple`, wato irin jerin da ba a iya canzawa.

Janareta kuwa, wato fankshin mai `yield`, sau ɗaya ake bi ta kansa. Ka yi masa `sum()` ka sake yi, na biyun 0 zai ba ka, shiru ba ƙorafi. In kana buƙatar bayanan sau biyu, juye su cikin `list()` tun farko.

Akwai kuma kira irin `tura(5000, True, False)`, wanda ko mai shi ba zai tuna ma'anarsa ba bayan wata guda. Sa `*` a cikin ma'anar fankshin ɗin, kamar `def tura(kudi, *, gaggawa=False, rasit=True)`, dole duk mai kira ya ambaci sunan abin da ke bayan tauraron. Alamar `/` da ta zo da Python 3.8 a 2019 akasin haka take yi: tana hana a kira abin da ke gabanta da suna, don ka iya canza sunan gobe ba ka ɓata kod ɗin kowa ba.