Yadda na gyara matsalar ƙwai mai laushin ɓawo a gonata

Wata biyu da na koma shayar da kajina daga sabuwar rijiyar burtsatse, sai ƙwai ya fara fashewa tun a hannu. Wani ma ba ɓawo sam, fata ce kawai. Na zargi abinci, na ƙara garin ɓawon kawa, shiru.

Likitan dabbobi ne ya ce in ɗanɗana ruwan. Zartsi! Da aka auna, narkakken gishirinsa ya zarce miligiram 1,000 a lita. Ya yi mini bayani cewa gishiri a ruwa yana rage yadda mahaifar kaza ke samar da sinadarin bikabonet, wanda shi ke haɗuwa da kalsiyam ya zama ɓawo. Ga zafin bazara, kaza na haki tana ta shan ruwan.

Na fara gauraya shi da ruwan famfo, rabi da rabi. Na rage gishirin abinci, na maye gurbin wani kasonsa da bekin soda, wanda ke ɗauke da bikabonet, na ƙara bitamin C.

Matasan kajin sun farfaɗo cikin makonni. Tsofaffin da suka daɗe kan zartsin kuwa ba su dawo daidai ba, dole na sayar da su, kuma abin ya yi mini ciwo.