Yadda Ake Gwada Ƙarfin Magani a Kan Ƙwayoyin Cutar da Aka Samo Daga Majinyaci

Sau da yawa majinyacin da ke fama da ciwon mafitsara ko gyambon da ya ƙi warkewa, kafin ya iso asibiti a Zariya ya riga ya bi ta kemis a Sabon Gari ko Tudun Wada, ya sha kafso kala biyu ko uku ba tare da ya samu sauƙi ba. Likitan da ya karɓe shi ba zai so ya ƙara masa wani a bisa hasashe ba, shi ya sa yake tura fitsari, jini ko mugunya zuwa ɗakin gwaji domin a gano maganin da ke cin ƙwayar cutar da wanda ta riga ta fi ƙarfinsa. Hanyar da aka fi bi a ɗakunan gwaji na ƙasar nan ita ce ta Kirby da Bauer, wadda aka daidaita ƙa'idojinta a Amurka a 1966, kuma ta samu karɓuwa ne saboda ba ta buƙatar na'ura mai tsada.

Ba a fara gwajin sai an tabbatar cewa ƙwaya iri ɗaya ce a hannu, an kuma san sunanta, domin farantin shuka (wanda ake renon ƙwayar a cikinsa) da ya gauraya ba ya ba da amsar da za a dogara da ita. Daga shukar da ta kwana ɗaya, wato awa 18 zuwa 24, ake tsintar ɗigo uku zuwa biyar masu kama da juna, a dama su cikin ruwan gishirin da aka riga aka tsarkake. Sai a ɗaga kwalbar a gaban farar takarda mai baƙaƙen layuka, a gwada kaurinta da ma'aunin McFarland na 0.5, wanda ya yi daidai da ƙwayoyi kusan miliyan 150 a kowace mililita. Idan damun ya yi kauri, magani mai aiki zai fito kamar marar ƙarfi, idan kuma ya tsinke, maganin da ba zai tsinana wa majinyaci komai ba zai fito kamar gwani.

Abincin shukar da aka yarda da shi shi ne Mueller-Hinton, zurfinsa milimita 4, wato kimanin mililita 25 a farantin da faɗinsa milimita 90 ne. A nan ne tsimi yake jawo ɓarna. Garin abincin yana da tsada, kuma mai zubawa yakan ji kamar ya rage hannu don kwalba ɗaya ta cika faranti da yawa, alhali a siririn faranti magani yana bazuwa nesa fiye da kima, sai da'irar da ƙwayar ba ta tsiro ba a kewayen maganin ta buɗe, a rubuta wa likita cewa maganin yana aiki. A ganina, gara a ce yau babu kayan gwaji da a fitar da irin wannan sakamako.

Cikin minti 15 da haɗa damun, a tsoma tsinken auduga, a matse shi a jikin kwalbar daga ciki, sannan a shafe fuskar farantin sau uku, ana juya shi digiri 60 bayan kowace shafa, a ƙarasa da zagaye bakinsa. Bayan 'yan mintoci, amma kada su wuce 15, a ɗora ƙananan faya-fayan takardar da ke ɗauke da magani da hantsaki mai tsabta, a ɗan danna kowanne. Tsakanin cibiyar wani da ta wani kada ya gaza milimita 24, saboda haka biyar ko shida sun ishi ƙaramin faranti. Faifan da ya riga ya taɓa abincin shukar ba a ɗaga shi a sauya masa wuri, domin nan take maganin ya fara shiga.

Faya-fayan nan su ne suka fi shan wahalar ɗauke wuta. Ana ajiye su a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma dangin fenisilin, musamman masu haɗe da clavulanate, da irin su imipenem, suna saurin lalacewa idan zafi ko laima ta same su. Kada a buɗe murfinsu da fitowarsu daga firji, a bari sanyin ya sake su tukuna, in ba haka ba raɓa za ta taru a kansu.

Daga nan sai a kife farantin a cikin inkubeta, wato na'urar da ke tsayar da ɗumi, a digiri 35 na awa 16 zuwa 18. Wanda ya san zafin Zariya na watan Maris da Afrilu zai iya cewa ai ɗakin ma ya isa, amma zafin da ke hawa da sauka ba ya maye gurbin wanda aka tsayar, kuma idan ya haura 35 ana iya kasa gane ƙwayar Staphylococcus aureus mai bijire wa maganin methicillin. A lokacin hunturu kuwa, idan wuta ta ɗauke cikin dare, da safe za a tarar shukar ba ta cika ba. Saboda haka a ajiye ma'aunin zafi a ciki, a riƙa rubuta abin da ya nuna safe da yamma.

Wajen karatu, a riƙe farantin a kife a saman baƙin abu, a auna faɗin filin da ƙwayar ba ta tsiro ba da rula, daga gefe zuwa gefe ta tsakiyar faifan. Girman da'ira shi kaɗai ba hukunci ba ne, domin kowane magani da tasa iyakar a jadawalin CLSI na Amurka ko na EUCAST na Turai, hukumomin da ke tsara ƙa'idojin gwajin, kuma ana sabunta jadawalin duk shekara, kuma tsohon kwafin da ya yi shekaru manne a bango yana iya ɓatar da mutum. Misali, idan an gwada Staphylococcus aureus da cefoxitin mai maikurogiram 30, milimita 22 zuwa sama yana nufin magani na cin ta, 21 zuwa ƙasa kuma ta bijire. Ƙwayar Proteus takan yi yaɗo marar kauri zuwa cikin da'irar, wannan ba a kula shi, haka ma ɗan hazon da ake gani a kewayen septirin. Amma idan ɗigo ne sosai suka tsiro a cikin filin, sai a sake shuka su a bincika, ko dai gauraye ne ko kuwa bijirewa ce.

Akwai magungunan da wannan hanya ba ta iya yanke musu hukunci, kamar colistin, da vancomycin a kan Staphylococcus aureus. Su sai an nemo mafi ƙarancin adadin maganin da ke hana ƙwayar girma, aikin da ya fi dacewa a tura babban ɗakin gwaji irin na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

Abin da ke tona asirin faifan da ya mutu ko farantin da aka tsuke wa abinci shi ne gwada sanannun ƙwayoyi da aka riga aka san iyakar da'irarsu, kowace da lambar shaidarta, wato Escherichia coli ATCC 25922, Staphylococcus aureus ATCC 25923 da Pseudomonas aeruginosa ATCC 27853, a duk lokacin da aka buɗe sabon kaya, sannan a kai a kai bayan haka. Idan da'irarsu ta fita daga iyakar da aka sani, ba a sakin sakamakon majinyata na wannan maganin sai an gano inda matsalar take. A takardar da za ta koma wa likita kuma, a rubuta magungunan da suka dace da wurin ciwon kawai: nitrofurantoin na mafitsara ne, bai kamata ya bayyana a sakamakon jini ba ko da ya buɗe da'ira mai faɗi a faranti.