Kurakuran da masu cin bashi ke yi, da yadda za a gyara su

Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Abin da ke jefa mutane cikin wahala sau da yawa ba girman kuɗin ba ne, rashin sanin abin da doka ta ce ne.

Da yawa suna zaton 'yan sanda na da ikon karɓar bashi. Ba su da shi. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sandan Najeriya ta 2020 ya hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai, kuma ba a kama ɗa ko mata a madadin wanda ake nema. Idan aka kai ka caji ofis, kada ka sa hannu a takardar alkawarin biyan abin da ka san ba ka iyawa don kawai ka kwana a gida. Ka nemi lauya. Marar hali ya tuntuɓi Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta ƙasa, tana da ofisoshi a jihohi.

Amma akwai inda bashi ke rikiɗewa ya zama laifi: bayar da cek alhali babu kuɗi a asusu. Dokar cek ta 1977 ta tanadi ɗaurin shekara 2 ba tare da zaɓin tara ba. Kada ka rubuta cek don lallashi.

Kuskuren da ya fi ci mana rai shi ne ƙin amsa sammaci. Mutum ya karɓi takarda, ya cusa ƙarƙashin katifa, ya kashe waya. Shari'a ba ta tsayawa don ba ka zo ba. Alƙali zai saurari ɓangare ɗaya ya yanke hukunci, daga nan a riƙe kuɗin asusunka ko a yi gwanjon kayanka. Da ka je, da ka iya ƙalubalantar kuɗin ruwan da aka ɗora, ka nuna rasit na abin da ka riga ka biya, ka roƙi a yanka maka biya wata-wata. Wanda yake biya a hannu ba rasit ba shaida kuwa, ranar musu bakinsa kawai gare shi. A biya ta banki, a rubuta dalilin turawa.

Sauya banki ma ba mafita ba ne. Tun 2020 Babban Banki ya ba bankuna damar cire bashinsu daga sauran asusun da ke haɗe da BVN ɗinka.

Manhajojin bashi masu tura wa 'yan'uwanka saƙon ɓatanci suna karya doka. Ɗauki hoton saƙonnin, ka kai ƙorafi ga FCCPC, hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye. Sai dai cin mutuncin da suka yi bai goge uwar kuɗin ba.

Sai ɗalibai. Rancen NELFUND, asusun gwamnatin tarayya mai ba ɗalibai rancen karatu, ba kyauta ba ne, ko da yake babu ruwa a kansa. A ƙarƙashin dokar 2024, ana fara biya shekara 2 bayan bautar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Wanda lokacin ya yi bai samu aiki ba kada ya yi shiru. Ya yi takardar rantsuwa cewa ba shi da hanyar samun kuɗi, ya miƙa wa hukumar don a ɗaga masa ƙafa.