Yadda za ka bi diddigin littattafan Sabon Alkawari: wa ya rubuta, yaushe aka karɓa

A wurin mai shayi a Agege ko a rumfunan Mile 12, inda Kirista da Musulmi ke zama benci ɗaya, ba a daɗewa sai wani ya ce ai a taron Nikiya aka zauna aka zaɓi littattafan Kirista. Wani kuma ya mayar masa da cewa manzanni ne suka rubuta komai da hannunsu, babu wata tantama. Dukansu biyu sun kauce. Malamin makarantar Lahadi ko mai jagorantar nazarin Littafi Mai Tsarki a majami'un Hausa na Legas zai iya duba irin wannan magana da kansa, muddin ya san abin da yake nema.

Kayan aikin ba su da yawa. Ka samu Littafi Mai Tsarki na Hausa mai ƙananan bayanai a ƙasan shafi, da wata fassara ta biyu don kwatanci, sai littafin rubutu da ka raba kowane shafinsa gida uku. Gida na farko: wa ya rubuta? Na biyu: yaushe ikkilisiyoyi suka karɓi littafin? Na uku: wannan aya tana cikin tsofaffin kwafe-kwafe? Yawancin gardamar da ke ƙarewa da ɗaga murya daga cakuɗa waɗannan tambayoyi uku take tasowa.

Fara da marubuci. Karanta farkon littafin da ƙarshensa, ka rufe kan maganar da ke sama da yatsa, domin ba marubucin ya sa shi ba. Wasiƙu 13 suna buɗewa da sunan Bulus. Bishara huɗu kuwa babu wadda ta faɗi sunan marubucinta a cikin nassi. Sunayen Matiyu, Markus, Luka da Yahaya a kan littattafan ana ganinsu ne a kwafe-kwafe na wajen shekara ta 200. A Luka 1:1-4 marubucin ya faɗa da bakinsa cewa daga waɗanda suka gani da ido labarin ya iso gare shi, kuma wasu da yawa sun riga shi rubutawa. Ibraniyawa ba ta da suna ko kaɗan. Orijen na Iskandariya, a ƙarni na 3, ya ce Allah ne ya san wanda ya rubuta ta. Duba kuma Romawa 16:22, inda Tartiyas ya ce shi ya rubuta wasiƙar: Bulus yana shifta, magatakarda yana rubutawa. Wannan yana da amfani nan gaba, don salon magatakarda na iya shiga cikin wasiƙa.

Daga nan nemi shaidar waje, kamar yadda masu ilimin hadisi ke bin isnadi: wa ya fara faɗin sunan marubucin, a wace shekara, kuma ta hannun wa maganarsa ta zo mana? Ɗauki Bisharar Markus. Mafi yawan masana suna sa rubutunta wajen shekara ta 70. Wanda ya fara danganta ta ga Markus, tafintan Bitrus, shi ne Fafiyas, bishop na Hiyarafolis, a farkon ƙarni na 2. Littafin Fafiyas ya ɓace, maganar tasa a tarihin Yusibiyus na ƙarni na 4 muke karanta ta. Iraniyus na Liyon, wajen 180, ya ambaci Bisharu huɗun da sunayensu. Rubuta shekarun duka, ka cire shekarar rubuta littafin daga shekarar shaidar. Tazarar da ta fito ita ce nauyin shaidar, kuma gara ka faɗe ta yadda take da ka ƙara mata gishiri ko ka rage.

Akwai gwajin da za ka iya yi a teburinka cikin rabin sa'a. Buɗe Markus 2:1-12, Matiyu 9:1-8 da Luka 5:17-26, labarin shanyayyen da aka kawo wa Yesu. Ja layi ƙarƙashin kalmomin da suka zo iri ɗaya. Za ka ga har katse jimlar da aka yi a tsakiya, inda Yesu ya juya ga shanyayyen, yana wuri ɗaya a duka ukun, alhali Matiyu ya taƙaita ya bar batun ɓuɓɓuke rufin ɗaki. Irin wannan ne ya sa mafi yawan masana suka ce Markus ya riga, Matiyu da Luka suka yi amfani da shi. Inda ake tuntuɓe: mai fassara yakan daidaita kalmomin da suka bambanta a Helenanci, ko ya bambanta waɗanda suke ɗaya. Shi ya sa fassara ta biyu take da muhimmanci, kuma kada ka gina hujja a kan kalma guda ta Hausa.

Game da wasiƙun Bulus, guda 7 kusan babu mai musu a kansu: Romawa, Korantiyawa ta 1 da ta 2, Galatiyawa, Filibiyawa, Tasalonikawa ta 1 da Filimon. Sauran 6 ana jayayya, musamman Timoti biyu da Titus, saboda kalmominsu da tsarin shugabancin ikkilisiya da ke cikinsu. Masu kare su suna kafa hujja da magatakarda da bambancin wanda aka rubuta wa. In kana koyarwa, faɗi ɓangarorin biyu.

Gida na biyu shi ne karɓuwa, kuma a nan jadawalin shekaru ya fi dogon wa'azi amfani. Wajen 144 wani malami mai suna Markiyon ya fito a Roma da nasa jerin: Luka da ya yi wa gyara da wasiƙun Bulus 10, ikkilisiya ta ƙi shi. Guntun jerin da ake kira na Muratori, wanda galibi ake sa shi a ƙarshen ƙarni na 2, yana da mafi yawan littattafan yau, amma babu Ibraniyawa da Yakubu. Yusibiyus ya kasa su: waɗanda kowa ya yarda da su, waɗanda ake jayayya a kai (Yakubu, Yahuza, Bitrus ta 2, Yahaya ta 2 da ta 3), da waɗanda aka ƙi. Jerin farko da ya zo daidai da littattafai 27 na yau yana cikin wasiƙar Ista ta Atanasiyus na Iskandariya a 367, sannan tarukan Hippo a 393 da Kartaj a 397 suka bi. Ka lura duka ukun a Afirka ne. Taron Nikiya na 325 kan koyarwar Ariyus (malamin da ya ce Ɗan Allah halitta ne) da ranar Ista ya zauna, dokokinsa 20 babu wadda ta taɓa jerin littattafai.

Me ake dubawa kafin a karɓa? Alaƙa da manzo, dacewa da koyarwar da aka gada, da ko ana karanta littafin a ikkilisiyoyi da yawa. Jerin Muratori ya ce wani littafi mai suna Makiyayin Hermas a karanta shi, amma ba a gaban jama'a tare da annabawa da manzanni ba, don kwanan nan aka rubuta shi a Roma. Kuma 367 ba ta rufe maganar ko'ina ba: fassarar Siriyanci ta Feshitta ta tsaya a littattafai 22. Bambancin 66 na Furotesta da 73 na Katolika kuwa a Tsohon Alkawari yake. Sabon nasu 27 ne duka.

Gida na uku yana da sauri. Duba ƙasan shafi a Markus 16:9-20 da Yahaya 7:53 zuwa 8:11. Waɗannan sassa babu su a kundin Sinai da na Fadar Paparoma, tsofaffin kwafe-kwafen Helenanci duka na ƙarni na 4, kuma hotunan kundin Sinai suna intanet kyauta. Lambobin sura a ƙarni na 13 aka sa su, na ayoyi a 1551, don haka "an cire aya ta kaza" sau da yawa yana nufin ayar ba ta cikin kwafin da ya fi tsufa.

Sai tarkon Barnaba, wanda ya fi kama mutane a muhawarorin kasuwa. Abubuwa biyu ne masu suna ɗaya. Wasiƙar Barnaba tsohuwa ce, ta tsakanin 70 da 135, tana ma ƙarshen kundin Sinai tare da Makiyayin Hermas. Linjilar Barnaba da ake sayarwa a teburan littattafai daban take: kwafinta biyu da aka sani na Italiyanci ne da Sifaniyanci, babu wanda ya girmi ƙarni na 16. In wani ya ce Barnaba yana cikin tsohon kundi, tambaye shi wanne daga ciki yake nufi, ka rubuta amsar a gida na biyu tare da shekararta.